Daga Abuja Zuwa Azare: Wa Ƙaura Za Ta Amfana?

Kafa Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya a Azare cikin 2021, ga kuma Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ta daɗe a garin, ya buɗe wa ma'aikatan manyan birane ƙofar komawa ƙasar Katagum.

Ga ma'aikacin tarayya, lissafin a fili yake. Tun 2007 aka dunƙule albashi da alawus wuri guda, saboda haka matakinsa ne ke yanke abin da zai karɓa, ko a Abuja yake ko a Azare. Amma kuɗin haya, wanda ake biya na shekara dungum, ba ɗaya ba ne. Gero da dawa da wake kuwa daga gonakin Shira da Yana suke fitowa. Bayan janye tallafin man fetur a 2023, kusancin gida da ofis ma ya zama riba.

Ɗan kasuwa da ma'aikacin kamfani su ne ya kamata su yi hattara. Arahar gari sau da yawa alama ce ta ƙarancin kuɗi a hannun jama'a, kuma kayan masana'anta sai an ɗora musu kuɗin mota daga Kano. Wanda kamfaninsa ya sallame shi a Azare zai daɗe bai sami irin wannan aikin ba, kuma komawa Abuja na nufin sake biyan hayar shekara kafin ya karɓi albashin farko.