Hasken Atam da Ƙasar Dareta

Masana ilmin atam suna da dabarar kyautata iri. Su kan haska ƙwayar hatsi da wani haske marar ganuwa, sa'an nan su shuka, su zaɓi wadda ta fito da jimrin fari ko saurin nuna. Wani Ba'amurke, Lewis Stadler, shi ya gwada haka a kan sha'ir da masara wajen 1928. Amma a Dareta ta ƙasar Anka ba a kan iri hasken nan ya fara amfani ba, a kan ƙasa ne.

A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka tarar yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, har da Dareta da Abare da 'Yargalma. Fiye da 400 suka rasu. Sanadi kuwa dalma ce da ke cikin dutsen zinariya, wanda a ke dakawa a turmi cikin gida, a niƙa a injin niƙan hatsi. Ido ba ya rarrabe ta da ƙura. Sai aka zo da wata na'ura ta hannu, a kafa bakinta a ƙasa, ta aika da haske irin na hoton ƙashi a asibiti, nan take ta faɗi yawan dalma. Iyakar da Amurka ta sa a lokacin kashi 400 ne cikin miliyan. A wasu wurare an sami fiye da 100,000. Da wannan awo aka san inda za a kankare ƙasa, a kwashe, a zuba sabuwa.

Nan ne zancen ya shafi manomi. Gero ya kan baro gona lafiya, ya ɗauki guba a masussuka, ko wurin shanya, ko cikin inji. Kome kyan iri, in ya bi ta turmin da ya daka dutse, tuwonsa ba na ba yaro ba ne.

Ga shi kuwa Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta ɗage hanin a Disamba 2024, watau ƙura za ta ƙaru. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da tukunyar atam ta bincike tun 2004, da masanan da suka iya awon ƙasa da hatsi. Lalle ya kamata Gwamnatin Jiha ta nemi taimakonsu, a ajiye na'urar nan a Anka a hannun malaman gona, a riƙa auna masussukai da injuna kowace shekara kafin kaka.