Zancen Gida: Wa Ke Yanka Farashin Caca?

Iyaye da yawa sukan tarar da takardun cacar ƙwallo a aljihun 'ya'yansu, cike da lambobi kamar 1.91 da 3.40, ba su kuwa san ma'anarsu ba. A wannan wata bari mu duba inda lambobin nan suke fitowa.

Tun kafin ranar wasa, kamfanin caca yakan yanka farashin farko. Ma'aikatansa sukan duba sakamakon wasannin baya, da ƙungiyar da za ta buga a gida, da 'yan wasan da suka ji rauni, sa'an nan kwamfuta ta yi lissafi. Waɗansu kamfanoni ma sayen farashin suke yi daga wurin irin su Sportradar na ƙasar Suwizalan.

To, ina ribar take? A Las Vegas ta Amurka, idan ana ganin ƙarfin ƙungiya biyu ya zo ɗaya, akan ce mutum ya sa dala 110 domin ya ci dala 100. Wannan shi ne 1.91. A ce wani ya sa 110 a nan, wani kuma 110 a can. Kamfani ya karɓi 220, ya biya wanda ya ci 210, ya riƙe 10. Ko wa ya ci, rabonsa yana nan.

Farashin farko na gwaji ne. Da fari kamfani ba ya karɓar kuɗi mai yawa a kansa. Yakan zuba ido ya ga inda gwanayen caca, masu nasu lissafin, suka sa kuɗinsu, sai ya rage farashin wannan gefe, ya ƙara na wancan. Haka kuma yakan yi in labari ya fito cewa babban ɗan wasa ba zai buga ba, ko kuwa kuɗi ya yi nauyi a gefe guda. Kafin yaronmu ya isa shago, an riga an gyara yawancin kurakuran.

Wani lokaci sukan yi kuskure babba. A shekarar 2016 Leicester ta ɗauki kofin Firimiya na Ingila, alhali an yanka mata 5,000 a kan 1. Amma ƙarancin irin wannan ne ya sa ake ta ba da labarinsa.

Ku lura kuma da takardar da ta haɗa wasanni da yawa, gama kowane wasa da nasa yankan. In an haɗa wasa 10 a kan 1.91, cikin kowace naira 100 da jama'a suka zuba, wajen naira 63 ce take komawa hannunsu.

'Yan'uwa, faɗa kaɗai ba ya raba yaro da caca. Ku zauna da shi da fensir da takarda, ku yi lissafin nan tare, ya gani da idonsa wanda kuɗin gida yake ciyarwa.