Binciken Lafiyar Doki: Daga Mujalla Zuwa Barga

Duk wanda ya kalli hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Bauchi ya san doki ba abin wasa ba ne a ƙasar Hausa. Shi ne adon sarauta, har ma a 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. To amma idan dokin nan ya kwanta ciwo, wane ilimi mai shi yake dogara da shi?

Ba a rasa masana ba. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom, a maƙwabciyarmu Filato, tana aiki tun 1924. Akwai tsangayoyin likitancin dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri, kuma malamansu na buga bincike a mujallu irin su Nigerian Veterinary Journal. A Ingila ma akwai Equine Veterinary Journal, wadda doki kaɗai ta sa a gaba. Matsalar ita ce yadda ake auna tasirin bincike. A jami'a, ana duba sau nawa wasu masana suka ambaci maƙala, da darajar mujallar da ta fito a ciki, domin da su ake ƙarin girma. Ba a tambaya ko labarin ya kai kunnen mai yanko wa doki ciyawa.

Ga misali. A ƙarshen 2018 murar dawaki ta ɓulla a jihar Sakkwato, a 2019 kuma ta yi ɓarna a ƙasashen Afirka ta Yamma, musamman ga jakuna. Masana sun rubuta cewa tari ne ke yaɗa ta, don haka a keɓe baƙon doki kafin ya shiga cikin na gida. Haka nan sun nuna cewa annobar dawaki ta Afirka, wasu ƙananan ƙwari masu cizo daga almuru zuwa asuba ne ke kawo ta. Duk wannan da Turanci yake, wani ma sai an biya kafin a karanta. Alhali kuwa lokacin Sallah ne ake haɗa dawakin garuruwa daban-daban a turke ɗaya.

A ganina, binciken da bai isa barga ba, rabin aiki ne. Ya kamata mujallunmu su riƙa buga taƙaitaccen bayanin kowace maƙala da Hausa, jami'o'i kuma su ba wannan aiki maki. Gidajen rediyon Bauchi su gayyato likitocin dabbobi kafin kowane hawa. Mu kuma ɗaliban Hausa, ga fage ya samu: mu shiga barga mu tattara sunayen cututtukan doki daga bakin masu kiwo, mu daidaita su da na likitoci, tun dattawan da suka san su suna raye.

Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya sa masu abin su ji.