Shaidun Darfur da bashin da ke kan Abuja

A ranar 14 ga Yunin 2023, gwamnan Darfur ta Yamma, Khamis Abakar, ya yi hira ta waya da wata tashar talabijin, inda ya ce dakarun RSF da mayaƙan da ke mara musu baya suna aikata kisan ƙare dangi a birnin Al-Junaina. Sa'o'i kaɗan bayan haka aka kama shi aka kashe. Idan wannan ne sakamakon gwamna da ya faɗi abin da idonsa ya gani, ina ga talaka?

Duk da haka talakawan sun yi magana. Dubban ’yan ƙabilar Masalit da suka tako da ƙafa zuwa garin Adre na ƙasar Chadi, tafiyar kimanin kilomita 30, sun ba da labarin shingayen da ake tare maza ana tambayar ƙabilarsu kafin a harbe su, da gawarwakin da aka bari yashe a tituna. Kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa an kashe tsakanin mutum 10,000 zuwa 15,000 a wannan birni kaɗai a 2023. A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta ayyana cewa RSF ta aikata kisan ƙare dangi. Daga baya, a watan Oktoba, Al-Fashir ta faɗi bayan ƙawanya ta kusan wata 18.

Mai karatu na iya cewa maganar ɗan gudun hijira a cikin tanti ba ta tsayar da harsashi. Gaskiya ne. Amma ita ce ta ɗaure Ali Kushayb, ɗaya daga cikin jagororin Janjawid, wanda Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta same shi da laifukan yaƙi da na cin zarafin ɗan Adam a watan Oktoban 2025, kan ta'asar da aka yi a garuruwa irin su Mukjar da Deleig a 2003 da 2004. A duba tazarar: fiye da shekara ashirin. A tsawon wannan lokaci dattijai na mutuwa, yara na girma da tunanin da ya dusashe, kaburbura na ɓacewa. Shaidar da ba a rubuta ba, ba a adana ba, kuma ba a kare mai ita daga ramuwar gayya ba, da wuya ta kai gaban alƙali.

Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan zance. A nan Abuja aka sanya hannu kan yarjejeniyar zaman lafiyar Darfur a watan Mayun 2006. Janar Martin Luther Agwai ne ya jagoranci rundunar kiyaye zaman lafiya a can, kuma sojojinmu bakwai na cikin dakarun Tarayyar Afirka da aka kashe a Haskanita a 2007. Kakanninmu ma ta Al-Junaina suke ratsawa zuwa aikin Hajji. Sai dai a wannan Abujar ce kuma aka karɓi Umar al-Bashir a watan Yulin 2013, alhali kotun duniya na nemansa bisa tuhumar kisan ƙare dangi, ya zo ya koma ba wanda ya taɓa shi. Mun zubar da jini a Darfur, mun kuma kau da kai a lokacin da ya kamata mu tsaya.

Har yanzu akwai abin yi, kuma ba sai an tura soja ba. Kwamitin binciken gaskiya kan Sudan da Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta kafa a 2023, wanda ’yar Nijeriya Farfesa Joy Ezeilo ke cikinsa, ya yi fama da ƙarancin kuɗi da ma'aikata tun farkon aikinsa. Nijeriya na da kujera a Kwamitin Tsaro da Zaman Lafiya na Tarayyar Afirka, tana kuma cikin ƙasashen da suka amince da kotun duniya. Tana iya matsa lamba a ƙarfafa masu tattara shaida a sansanonin gabashin Chadi, ta kuma yi tayin karɓar shaidun da rayuwarsu ke cikin haɗari.

Irin wannan matsaya daga takarda take farawa, wadda wani jami'i a Ma'aikatar Harkokin Waje ko wani hadimi a Majalisar Tarayya zai tsara ya ɗora a teburin maigidansa kafin taro na gaba a Addis Ababa.