Shago na biyu, da kuɗin wa?

'Yan uwa, idan ɗayanmu ya buɗe shago na biyu da na uku cikin shekara guda, sai mu yi ta cewa Allah ya buɗa masa. Muna masa fatan alheri. Amma da wuya a sami mai tambaya: da kuɗin wa aka buɗe?

Mu tuna da Etisalat. Ya fara aiki a Najeriya a 2008, lambar 0809 ta zama abin yayi, masu layinsa suka kai wajen miliyan 20. A 2013 ya ci bashin dala biliyan 1.2 daga bankuna 13 don faɗaɗa aiki. Ga inda gizo ke saƙar: naira yake karɓa a hannun masu sayen kati, wani ɓangare na bashin kuma da dala zai biya. Lokacin cin bashin dala ba ta kai naira 160 a banki ba. A 2016 ta haura 300. Ɓangaren bashin da ke dala ya kusan ninkawa, katin ɗari yana nan a ɗari. A 2017 biya ya gagara, bankuna suka taso, masu jari daga Abu Dhabi suka janye. Sai da Babban Banki da hukumar NCC suka shiga tsakani, aka koma 9mobile. Duk wannan badaƙalar, jama'a na ta kira da layin.

Kada mu ce wannan matsalar manya ce. Ɗan kasuwar da ke Wuse ko Dei-Dei yana biyan hayar shekara a dunƙule kafin ya sayar da allura. Ya ɗauko kaya bashi, farashinsu na bin dala, ya ba ɗan kwangilar da shi ma jiran ma'aikata yake ta biya shi. A littafi akwai riba, aljihu kuwa wayam. Kowane sabon shago ƙarin haya ne da albashin yara da man janareto, su kuma ba sa jiran kowa. Ga sabuwar mota, wadda ba ma son a yi maganarta.

A ganinmu, duk wanda zai nemi rance daga asusun ƙungiya don ƙara shago, ya fara kawo littafinsa: nawa ake binsa, nawa yake bi, yaushe kowanne zai faɗo, kuma wata nawa tsohon shagon zai iya ɗaukar sabon idan ciniki ya tsaya. Za mu gabatar da wannan a taro mai zuwa, mai ja ya zo da hujjarsa.