GANDA DA CUTAR SAIFA: WACE MAGANA ZA MU KAMA?

Jama'a, in mai shela ya yi baki biyu, ba a ganin laifin wanda ya toshe kunne.

A shekarar 2022 shugaban cibiyar binciken fata da ke Zariya ya ce ganda ba ta da wani amfani a jikin mutum, gara a hana cinta domin majemu su sami fata. A watan Yunin 2023, ana sauran kamar mako biyu Babbar Salla, Ma'aikatar Aikin Gona ta Tarayya ta gargaɗi jama'a su guji ganda da kyafaffen nama da naman daji, saboda cutar saifa, wadda Turawa ke kira antaraks, ta ɓulla a arewacin Gana. Wanda ya ji maganar farko, me zai hana shi ɗaukar ta biyu tsohon zance ne aka sake wa riga? Sai ga shi a watan Yuli, ɗakin binciken dabbobi na Vom ya tabbatar da cutar a wata gona a Suleja, nan Jihar Neja. Ashe gargaɗin gaskiya ne, maganar kasuwa ce ta riga ta zubar masa da daraja.

To, wa ke kwana a ciki? Ku ne, 'yan'uwanmu da ke neman abinci a mayankar Agege da kasuwar Bodija da Sabon Ibadan. Duk ran da aka ce a guji nama ba tare da bayani ba, tukubar mai tsire ce ke fara sanyi. In kuma aka yi kunnen ƙashi, mahauci da mai fiɗa ne cutar ke fara taɓawa, domin su ke riƙe fata da jini.

Ga gaskiyar lamarin a taƙaice. Cutar saifa daga dabbar da ta kamu take fitowa, ba daga kowace fata ba. Alamarta ita ce dabba ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini wanda ba ya daskarewa yana fita ta hanci da baki da dubura. Irin wannan ba a yanka ta, ba a feɗe ta, ba a sayar da fatarta, sai a kira malamin dabbobi. Akwai allurar rigakafi ta dabbobi, mutum kuwa yana warkewa in ya je asibiti da wuri.

Kada mu manta da watan Agustan 2014, lokacin da jita-jita ta sa mutane shan ruwan gishiri wai maganin Ebola, har wasu suka rasa rayukansu. Inda hukuma ta bar giɓi, nan ɗan jita-jita ke kafa rumfa.

Saboda haka muna kira ga mahukunta a Minna da Abuja: in za a yi gargaɗi, a yi shi da murya ɗaya, da Hausa da Nufanci da Gwaranci da Fulatanci, a faɗi abin da aka hana, da dalili, da ranar da aka janye hanin. A raba maganar lafiya da maganar ciniki. Ku kuma sarakunan fawa na kudu, kada arhar saniya mai ciwo ta ruɗe ku. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.