Sabon Marubuci a Bakin Kantin Littattafai

A cikin watan Disamba na shekarar 2022 wata sabuwar marubuciya a jihar Ohayo ta ƙasar Amurka ta ɗauki littafinta na fari ta nufi wani kantin littattafai, inda aka shirya mata zama domin ta sa hannu a kan kowane kwafi da aka saya. Mutum 37 suka yi alkawarin zuwa, amma biyu kaɗai suka zo. Da ta koma gida ta bayyana takaicinta a shafin Twitter, sai ga manyan marubuta suna yi mata jaje, kowa na ba da nasa labarin. Margaret Atwood ta ce ita ma an taɓa shirya mata irin wannan zama, ba wanda ya zo sai wani mutum mai neman salatif, wanda ya ɗauka ma'aikaciyar kantin ce. Stephen King da Neil Gaiman su ma suka faɗi ranakun da suka zauna a gaban tulin littattafai ba mai ko kallonsu. Labarin abin dariya ne, amma akwai darasi a cikinsa ga duk saurayi ko budurwar da ke mafarkin fito da littafi, musamman wanda ya nufi matasa da rubutunsa.

Ya kamata a fara bayyana yadda al'adar take a can. Mai kanti kan yi odar kwafi kaɗan daga kamfanin ɗab'i, ya kafa tebur kusa da ƙofa, marubuci ya zauna na tsawon awa ɗaya ko biyu. Wanda ya sayi littafi sai ya miƙa, a rubuta masa sunansa da 'yar gaisuwa, a sa hannu. Ladar da marubuci ke samu a kan kowane kwafi ba ta cika wuce kashi 10 cikin 100 na kuɗin littafin ba, saboda haka ko ya sayar da ashirin, da ƙyar ribar za ta biya masa kuɗin mota. Ashe ke nan ba kuɗi ake nema a wurin ba. Abin da ake nema shi ne marubuci ya ga fuskar wanda zai karanta shi, mai kanti kuma ya san shi, har in gobe wani yaro ya shigo yana tambayar labari mai daɗi, ya tuna da littafinsa ya miƙa masa.

Alal misali, a duba Christopher Paolini, wanda ya tashi a jihar Montana. Yana ɗan shekara 15 ya fara rubuta Eragon, iyayensa kuma suka buga littafin da kuɗin aljihunsu. Sa'an nan ya shafe kimanin shekara guda yana zagaya makarantu da ɗakunan karatu da kantunan littattafai, sanye da tufafi irin na mutanen da can, ya tsaya gaban jama'a fiye da sau 130 yana tallar abin da ya rubuta. Ana cikin haka kwafi ɗaya ya faɗa hannun agolan marubuci Carl Hiaasen. Yaron ya karanta ya ji daɗi, Hiaasen ya kai wa kamfanin Knopf, aka sake buga littafin a 2003, ya bazu cikin duniya. Abin lura a nan shi ne, ba wani attajiri ya buɗe wa Paolini ƙofa ba, yaro ɗaya ne da ya karanta labarin har ƙarshe. Lalle da yayyafi kogi kan cika.

A ƙasar Hausa kuwa wata al'ada ce dabam ta kafu, watau bikin ƙaddamar da littafi. Akan kama babban zaure, a buga katin gayyata, a naɗa shugaban taro da uban taro da babban mai ƙaddamarwa. Mai sharhi ya yi jawabi, maroƙa su yi kirari, sa'an nan manya su riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya suna sayen kwafi a kan kuɗi masu tsoka, jama'a na tafi. Idan aka watse, wani alkawarin a cika, wani kuwa sai marubuci ya yi ta sintiri a ƙofar ofis har takalminsa ya siɗe. Littafin da aka saya da tsada sau da yawa a bayan mota yake ƙarewa, ko buɗe shi ba a yi ba. Ɗalibar sakandaren da aka rubuta labarin dominta ba a gayyace ta ba, hasali ma mai gadi ba zai bar ta ta shiga ba.

Ba daidai ba ne a yi wa wannan al'ada kuɗin goro a ce duk sharri ce. Tun da kamfanonin ɗab'i irin su NNPC ta Zariya suka ja baya wajen buga ƙagaggun labarai a shekarun 1980, nauyin bugu ya koma wuyan marubuci. Shi zai biya kuɗin takarda, shi zai biya maɗaba'a, shi zai yi dakon littafin zuwa kasuwa. Wanda ke cikin wannan hali ba a zarginsa don ya nemi gudummawar masu hannu da shuni. Sai dai a san iyakar abin: taron ƙaddamarwa yana auna yawan mutanen da marubuci ya sani da girman waɗanda suka tsaya masa, ba ya auna ko labarin ya ratsa zuciyar kowa. Sabon marubucin da ya ɗauki tafin zaure a matsayin shaidar gwaninta ya ruɗi kansa, kuma littafinsa na biyu ba zai fi na farko ba, domin ba wanda ya nuna masa inda ya yi tuntuɓe.

Tarihin adabin Hausa kansa ya isa shaida. So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed, wanda ya fito a 1980, da Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu na 1987, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a farkon shekarun 1990, ba manyan baƙi suka ɗaukaka su ba. Samari da 'yammata da matan aure ne suka saye su a rumfunan kasuwa, suka karɓi haya, suka ari na maƙwabta, aka yi ta karantawa har bango ya yage. Masu sayar da littattafai a Kano su ne suka san wanda ke tafiya da wanda ya kwanta, kuma bakinsu ya ɗaga marubuta da yawa. Duk wanda ya raina rumfar mai littattafai ya raina matakalar da magabatansa suka taka.

Akwai mai cewa zamani ya sauya, kantunan littattafai sun yi ƙaranci, matasa sun koma karatu a wayar hannu. Gaskiya ne, amma wannan ƙarin dalili ne na fita. Wanda ya saba ganin yabo a waya ba ya sanin ko an karanta ko ba a karanta ba, alhali kuwa yaron da ya tsaya gabansa ya ce ƙarshen labarin bai gamsar da shi ba, ya ba shi abin da kuɗi ba ya saye. Inda babu kanti akwai ɗakin karatu na gari, akwai makarantun sakandare, akwai kuma ƙungiyoyin Hausa na jami'o'i da kwalejoji, waɗanda tebur ɗaya da kujera ba za su gagare su ba. Ranar Hausa ta Duniya, 26 ga watan Agusta, lokaci ne da ya dace a gayyato sabon marubuci ya zauna da littafinsa, a sayar a kan farashin da ɗalibi zai iya biya.

Abin da ya rage shi ne tsoron kunya, kuma shi ne babban tarnaƙi. Zama a gaban tebur mutane na wucewa ba sa waiwaye abu ne mai ciwo, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya yarda ya buga littafi ya riga ya miƙa kansa ga hukuncin jama'a. In mutum biyu suka zo, ya karɓe su da fara'a, ya tambayi sunansu, ya rubuta shi daidai, ya kuma saurari abin da za su ce. Su biyun nan, in labarin ya yi musu, su ne za su kawo masa na uku.